Mutari, Wanda Ba A Tsokana

Garin yana kan tudu ne, can bayan Garhanga, inda duwatsu suka fi gonaki yawa, ruwa kuwa yana ƙasa cikin kwari. Saboda haka duk mai shan ruwa a garin ya san Mutari da amalanken jakinsa. Ba gidan da ba ya shiga: na Adarawa masu gero, na Fulani da ke gefen gari, na Buzaye, har gidan majo, Bazabarmen da ke duba marasa lafiya a asibiti.

Ɗan ƙaramin gari ne, amma bakin mutanensa ba dama. Tun da safe ake fara tsiya. Maƙeri ya hango Bafulatani ya ce bawansa ya iso. Buzu ya je karɓar allura, majo ya ce sai ya yi wanka tukuna. Mushe, malamin makaranta, Ba'are ne, shi kuwa ba ya wuce Bafulatani bai tambaye shi saniyar wa ya sato ba. A yi ta zage-zage ana dariya har da hawaye, don wasan taubasantaka ne, kowa ya san wanda ya halatta ya zaga.

Mutari kaɗai ake yi wa sannu. "Sannu Mutari, Allah shi yi albarka." Shi ke nan. Wannan sannun ta fi mari yi masa zafi.

Dalili kuwa, ba wanda ya san ko shi ɗan wace kabila ne. A shekarar yunwar tamanin da huɗu, lokacin da mutane ke ta kwararowa kudu, aka tsince shi jariri a gindin adua kusa da rijiya, fuska ba zane, wuya ba laya. Mata uku suka shayar da shi bi da bi: Ba'adara, Bafulatana da Buzuwa. Ya tashi yana jin harshe uku, yana cin tuwo a ko'ina. To, wa zai tsokane shi? In ka zage shi a matsayin Buzu ya zamana ɗan'uwanka ne fa? Sai kowa ya zaɓi ladabi. Shi kuwa yana tsaye da bulalar jaki yana kallon ana shan dariya, bai san gefen da zai tsaya ba.

Wata rana ya gaji. Ya ce wa matarsa Cima, "Ni ma yau sai na taɓa wani."

"Wa za ka taɓa? Da wane dalili?"

Ya dai fita. A bakin rijiya ya tarar da Halidu, dattijon Bafulatani, yana shayar da shanu. Mutari ya ari maganar maƙeri da ta mushe kaf ya ce, "Bawana, waɗanga shanu na wa ka sato?"

Halidu ya ajiye guga ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Mutari, mi ag gamina da kai? Ni kaka ce ma ɓarawo gaban ɗiyana?"

Kafin azahar magana ta kai ƙofar maigari. Maigari ya ce ai abin mai sauƙi ne: in Mutari Ba'are ne ko jinin maƙera, to wasa ya yi, ba laifi, in ba haka ba zagi ne, sai ya ba da haƙuri. Saura kawai a san ko shi mene ne. Nan fa aka tsaya cirko-cirko.

Aka kirawo Inna Biba, Ba'adarar da ta shayar da shi, ita kaɗai ta rage cikin ukun. Ta ce ita dai cikin baƙin ƙyalle ta gan shi, irin na Buzaye. Wani tsohon Buzu ya gyara rawani ya ce a'a, su ba su da mai cin tuwo irin na Mutari, wannan ciki na Adarawa ne. Wani Ba'adare ya ce a dubi ƙafafun nan kamar sillen kara, wa ke da su in ba Fulani ba? Majo ya ce shi dai ya tabbata ba Bazabarme ba ne, don Bazabarme ba ya hira da jaki. Wuri ya kece da dariya, har Halidu sai da ya rufe baki da hannun riga.

Mutari ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Korarsa ake yi, kowa na tura shi gidan wani, amma kuma tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa tsiya haka ba. Wani daɗi ya taso masa, ga kuma hawaye. Ya ji kamar ya ce a ƙara. Ya buɗe baki zai rama wa majo ke nan, maigari ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ku ji tsoron Allah, maraya na. Mutari ɗan kowa na, duk garin ga nashi na. Daga yau kar shi sake tsokanar kowa, kar kuma in ji wani ya tsokane shi."

Aka ce madalla, maigari ya yi adalci. Masu dariyar nan duk suka sunkuyar da kai don kunya. Mutari ya durƙusa ya ba Halidu haƙuri, Halidu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce ba komai, ya ma yi masa addu'a.

Da ya koma gida Cima ta tare shi a bakin ƙofa. "To, mi anka ce kake?"

"An ce ni na kowa na."

"Ka ci shari'a ke nan?"

Ya daɗe yana kwance wa jaki igiya. "Wallahi Cima, ban sani ba."

Washegari ya hau tudu da ruwa. A ƙofar asibiti ya tarar da majo da tsohon Buzun nan suna ta yi wa juna tsiya. Ya rage tafiya, ya ma tsaya yana gyaran abin da bai lalace ba, ko Allah zai sa wani ya manta da umarnin maigari. Suka gan shi, suka yi shiru, majo har da miƙewa tsaye.

"Sannu Malam Mutari," in ji shi. "Allah shi yi albarka."

Da can ko Malam ɗin ba a sa masa.