Korar Raelene Tuckwell daga Maɗaba'ar Mata

Raelene Tuckwell 'yar makanike ce daga Port Adelaide, a gareji ta tashi, shi ya sa da mata suka haɗu suka buɗe maɗaba'arsu ta mata zalla, ita aka damƙa wa injin. Ga ta da zafin kai, ga baki ba linzami. Aƙidarta ɗaya ce: duk macen da ta zo da magana, a buga mata.

A shekarar 1984 rigimar kaset-kaset na batsa ta raba ƙungiyar matan maɗaba'ar gida biyu. Mai jan masu neman gwamnati ta haramta su ita ce Desley Hocking, ƙawar Raelene tun ƙuruciya, mai aiki a gidan da matan da mazajensu ke jibga suke fakewa. Raelene ta buga mata takardun gangami. Sai ga wasu mata masu zaman kansu da tasu takardar, suna cewa haramcin ba abin da zai yi illa ya ƙara sako musu 'yan sanda. Ita ma takardar tasu Raelene ta buga.

Desley ta faɗo maɗaba'ar ko gaisuwa babu, ta jefa takardar a kan injin.

"Ke kika buga wannan ƙazantar?"

"Ni ce. Ɗauke min ita daga nan, tawada ba ta bushe ba."

"Jiya na kai wata asibiti da karyayyen muƙamuƙi. Abin da mijinta ya kalla ya gwada a kanta. Ke kuma kina nan kina yi wa kawalai aiki!"

"Kawalai? Mata ne suka kawo, da ƙafafunsu. Ko sai wadda kika wanke ce mace? Ku da kuka koma jerin gwano da limaman coci, waɗanda jiya-jiya suke neman a rufe mu!"

"Ba ki da kunya, Raelene."

"Ke ce dai kika ga kujerar shugabanci kika lalace," in ji Raelene.

Aka kira taro, aka ɗaga hannu, aka kori Raelene. Kafin ta fita ta kwance wani ƙarfe daga cikin injin ta jefa a jaka, injin ya daɗe bai sake tashi ba.

Ta koma buga katin biki da tallan mahauta har ta tsufa. Da Desley ta kwanta ciwon ajali, 'yarta ta zo ta roƙi Raelene ta leƙa ta.

"Ta aiko ki ne?"

"A'a, Anti."

"To, Allah ya sawwaƙe," in ji Raelene, ta juya ta ci gaba da aikinta.