Gungumen Sarkin Pawa

Shekara uku na yi da takardar bak, shaidar gama sakandare, a cikin leda, ina yawo da ita ofis-ofis a Garwa har gefenta ya fara cinyewa. Ko'ina magana ɗaya: ajiye dosiyen takardunka, za mu kira ka. Ba wanda ya kira.

Mu mahauta ne tun daga kakanmu da ya biyo shanu daga Nijeriya ya zauna. Babanmu ya rasu, Yayana ya riƙe teburin nama, Baffanmu kuma shi ne Sarkin pawa na 'yar kasuwar unguwarmu. Ni kaɗai na ƙi wuƙa. A makaranta yara sun sha kirana bangaro, wato mahauci da Fillanci, suna toshe hanci in na shigo aji. Tun lokacin na koyi rufe baki kan sana'ar gidanmu.

Wata rana Yaya ya ba ni wa'adi. Ya ce, "In damina ta sauka ba ka da aiki, ka zo ka karɓi wuƙa. Na gaji da ciyar da ɗan boko."

Ana haka meri, wato hukumar gari, ta buɗe aikin kwalbati. Ruwan yanzu ba irin na da ba ne, sai ya yi shiru ya yi shiru, rana ɗaya ya zubo na wata guda. Daminar da ta wuce ya shiga ɗakin Inna har gwiwa. Wasu mutanen waje suka tallafa wa meri a yashe manyan magudanai a faɗaɗa su kafin ruwa, kuma matasan gari ne za su yi aikin. Wanda ya yi da kyau za a riƙe shi dindindin. Na kai takarduna, sunana ya fito. Wallahi ranar da aka ba ni rigar aiki mai ruwan ɗorawa sai da na ɗau hoto da ita sau goma.

Injiniyar meri wata gajeriyar mata ce, ba ta dariya. Ranar farko ta tara mu a rana ta ce, "Wanda duk aka gani cikin faɗa ya ajiye riga ya tafi gida. Kun ji?" Muka ce mun ji, Madam.

An saka ni cikin ayarin yaran Jambutu, nesa da unguwarmu, ba wanda ya san ni. Hakan ya yi min daɗi. Da suka tambaye ni sana'ar gidanmu na ce 'yan kasuwa ne, shi ke nan. Abokin barona wani ƙaton ɗan Mokolo ne, garin nan na cikin duwatsu, hannunsa kamar taɓarya, matarsa da tsohon ciki. Ni in cika baro da shebur, shi ya tura. Farfesa yake kirana.

"Farfesa, wannan shebur ne, ba biro ba ne. Cika shi!"

"Kai dai tura, ɗan dutse. Da ka yi karatu da ba ka zama jaki ba."

"Kai da ka yi, ga ka cikin kashi tare da jaki."

Haka muke yini, zafin Afrilu yana dafa mu, muna dariya.

Sati na uku shef ɗinmu, shugaban ayari, ya ce gobe sai kwalbatin kasuwa kaza. Kasuwarmu. Mahauta sun daɗe da zuba siminti a kan kwalbatin wajen, sun jera teburansu a sama, ƙarƙashi kuma ya toshe da ƙaho da kofato da tumbi. Dole a fasa. An riga an yi magana da jauro, mai unguwa ke nan, mahauta sun yarda ba da son ransu ba. Ni ban gaya wa Yaya ayarinmu ne zai zo ba. Da safe na ja hula har gira, na sa takunkumi, na yi sauri na dira cikin ramin kwalbatin ta inda ba siminti tun kafin kowa ya kalle ni da kyau.

Sun kwashe teburansu gefe. Abu ɗaya suka bari a kan simintin: gungumen.

Guntun itacen tsamiya ne, baƙi ƙirin da kitse, tsakiyarsa ya lotsa saboda sara. Wanda bai sani ba zai ce ruɓaɓɓen icce ne na shara. Amma a kansa kakanmu ya fara sara ƙashi a garin nan. Duk yaron da zai shiga fawa, a kansa yake fasa ƙashinsa na farko, a yi masa addu'a. Ba a zama a kai, ba a tsallake shi, kuma ba mai ɗaga shi sai Sarkin pawa da hannunsa. Shi ya sa suka bar shi, Baffa ya tafi jana'iza, suna jira ya dawo ya ɗauke.

Shef bai san wannan ba. Ya duba agogo ya ce, "Ku kwashe komai, masu guduma na jira."

Daga cikin ramin na ga ɗan Mokolo ya nufi gungumen. Taku biyar ne tsakaninmu. Kalma ɗaya ta isa, in ce masa bari. Amma in na ce bari, zai ce me ya sa, ya aka yi ka sani, Farfesa? Ga Yaya can tsaye da barandami a hannu, gaban rigarsa duk jini, zai ji muryata ya kira ni da sunan gida a gaban kowa. Na ce a raina wani cikin mahautan zai yi magana. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tono.

Su kuma ba su zaci akwai mai taɓa shi ba, hankalinsu na kan masu saye. Ɗan Mokolo ya sa takalmin roba mai kashi ya tokari gungumen, ya gara shi da ƙafa kamar ƙwallo, ya faɗa cikin baƙin ruwan kwalbati, tsulum, dab da ni. Har da cewa, "Gol!"

Kasuwa ta yi tsit. Na ji ƙudaje.

Yaya ne ya fara isa. Mari ɗaya, na ji ƙararsa har cikin haƙorana. Ɗan Mokolo bai san laifinsa ba, ya rama da naushi, Yaya ya faɗa kan teburi, nama ya watse a ƙasa. Shi ke nan aka ɓalle. Mahauta suka taso gaba ɗaya. Wani ya ɗauki ƙafar saniya da kofatonta ya maka wa shef a baki, na ga haƙori ya yi tsalle. Yaranmu suka ɗaga shebur da diga. Mai tsire ya kwaso garwashi da faranti ya watsa, wani yaron Jambutu ya yi ta ihu yana kakkaɓe wuyansa, fatar na tashi. Duwatsun da aka jibge don aikin su suka zama makami. Mata na gudu, kwanukan tumatir na kifewa, wata tsohuwa na salati ba mai jinta. Wani ya caki cinyar ɗan'uwansa da ƙaho bai ma sani ba.

Ni ina cikin rami har yanzu, ruwan kashi har ƙwauri, gungumen na yawo kusa da ƙafata. Ina gaya wa kaina, kar ka fita, wanda aka gani ya ajiye riga.

Sai na ga ɗan Mokolo a ƙasa. Mutum uku suka kayar da shi, an fasa masa kai da dutse, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yaya ya hau ƙirjinsa da gwiwa. Na san Yaya. Na san yadda wuyansa ke kumbura in ya daina ji. Ya ɗaga barandamin nan da yake raba kan bijimi gida biyu da sara ɗaya.

Ban san yadda na fito ba. Na dai ji shebur ya sauka, na ji ƙas, kamar an karya rake. Barandami ya faɗi can. Hannun Yaya na dama ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa.

Bai yi ihu ba. Ya miƙe, ya sa hannun hagu ya fizge takunkumin fuskata. Ya kalle ni, ya kalli rigar.

"Kai ne?"

"Yaya, kashe shi za ka yi."

"Kana nan? Kana ciki aka jefa shi?"

Ya tofa min yawu mai jini a fuska.

Baffa ne ya kashe wutar. Ya sauka daga moto, wato babur, da babbar rigarsa ta jana'iza, ya daka tsawa ɗaya, duk wani mahauci ya saki abin da ke hannunsa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tattare riga ya shiga kwalbatin da ƙafarsa, tsoho mai furfura, ya rungumo gungumen a ƙirji yana ɗigar da ƙazanta, ya fito. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce a hankali, "Ɗana, ba ka da baki ne?" Gara marin Yaya da wannan.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin Garwa. An kwashe mutum shida zuwa asibiti. Jandarmomi sun zo sun tafi da wasu, jauro da Baffa suka bi su aka sasanta.

Kwana biyu bayan nan Madam ta kira ni ofis. Wayarta na kan teburi, an tsayar da bidiyon daidai inda nake ɗaga shebur.

Ta ce, "Na kalla sau da yawa. Ba don kai ba da gawa muke magana yanzu. Na yi magana da na sama, kai za ka zauna. Wanda ya jefa iccen shi zai tafi, shi ya tsokano mutane."

Na tsira. Ta miƙo min takarda in sa hannu a matsayin shaida, an rubuta cewa abokin aikina ya wulaƙanta kayan mahauta da gangan. Na riƙe biro. Da safen nan na je asibiti na gan shi, kai a naɗe, ɗinki goma sha, matarsa na zaune a ƙasa da cikinta tana masa fifita. Ya kama hannuna ya ce, "Farfesa, ashe kana da ƙarfi. Amma don Allah me na yi musu?"

Na ajiye biron.

"Madam, bai sani ba. Ni na sani. Wanda na karya wa hannu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sarkin pawa baffana ne. Ina kallo ya nufi iccen na yi shiru."

Ta cire tabarau. "Me ya sa?"

"Kar a san ni ɗan mahauta ne."

Ta ce, "Mutum shida a asibiti saboda wannan?" Ta janye takardar ta yaga. "Shi zai dawo in ya warke. Kai ajiye rigar a kan kujera."

Na cire na ninke na ajiye. Ba ta ɗago ba har na fita.

Hannun Yaya wata uku likita ya ce, kuma ba tabbas zai koma sara kamar da. Gida kuwa sai an ci. Ba wanda ya ce min je ka. Ranar Asabar na tashi na tafi kasuwa, na tsaya bayan teburin. Mahauta suka bi ni da ido, ba wanda ya amsa sallamata sai Baffa. Yaya na zaune kan benci, hannu a rataye a wuya. Ya tura min wuƙa da ƙafa.

Mai saye ta farko wata hajiya ce, ta ce rabin kilo, ban da ƙashi. Na yanka, ya fito a karkace, rabi kitse.

Ta ce, "Wannan kuma wane ne? Sabo ne?"

Yaya ya ce, "Ɗan boko ne, Hajiya, yi haƙuri. Hannun mutum kawai ya iya karyawa." Ya juyo kaina. "Bi jijiya, dabba. Sake yankawa."

Na sake.