Hajo ba girman kai ta yi muku ba, gajiya ce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shanya kaya da safen nan aka kira ni wai Malama Hajo ta rasu a Yelwa. Wallahi ba kuka kaɗai ke cina ba, har da fushi.

Tare aka tura mu koyarwa firamare a Wara, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ni ba 'yar bakin ruwa ba ce. Ranar da na fara shiga kwalekwale na ƙanƙame ta ina salati, ita tana ta dariya. Duk ƙarshen wata sai ta ƙullo min bandar kifi in kai wa Inna.

Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya.

Sai kansar mama ta kama ta. Duk lokacin da ta dawo daga Sakkwato bayan an ƙara mata ruwan maganin kansar, wato kemo, sai ta zube. Ba irin gajiyar da barci ke maganinta ba. Kofin ruwa ma sai 'yarta Zainabu ta riƙe mata.

Amma 'yan dubiya ba sa yankewa. Kun san al'adarmu, dole mara lafiya ta tashi zaune, ta yafa mayafi, ta amsa wa kowa "da sauƙi". Da abin ya yi yawa, Zainabu ta fara tsayawa bakin ƙofa tana ba mutane haƙuri.

Shi ke nan, yarinya ta zama abin zagi a dangi. Wata gwaggonta da ta zo daga Shanga ta ce, a gabana, "Mun baro aikinmu munka taho, ɗiya ƙarama ta tare muna ƙofa? Gajiya ai ba ciwo ba ta!"

Maganar ta kai kunnen Hajo. Ta sa aka buɗe ƙofa, ba a sake rufewa ba.

Zuwana na ƙarshe na tarar da ɗakin cike, ana hirar farashin albasa. Hajo na jingine da bango, kanta na rinjayarta, leɓenta a bushe. Raina ya ɓaci, na miƙe zan sallami kowa. Ta kamo bakin zanena.

"Balki, ƙyale su," ta ce a hankali. "Ni tafiya za ni yi. Zainabu ce za ta zamna da su bayana. Ban so su riƙe ta a rai."

Ta ci gaba da amsa gaisuwa har aka kira la'asar.

Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma ɗan ƙarfin da ya rage mata, a kanku ya ƙare, don kawai ku daina zagin 'yarta. Kun zo neman ladan dubiya, ita ta biya.

Yau za ku cika gidan da ta'aziyya. Duk wadda ta taɓa faɗa wa Zainabu baƙar magana, ta neme ta ta ba ta haƙuri kafin ta zauna kan tabarma. Uwarta ta riga ta fanshe ta.

Allah ya jiƙan Hajo, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ba ta hutun da ba ta samu a ɗakinta ba. Allah ya dafa wa Zainabu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a.