Robar da Neville Ya Dafa

Duk wanda ya tashi a Cloncurry ya buga zari-ruga, Neville Tranter ya taɓa sa masa yatsa a baki. Direban shanu ne, mota ɗaya yake ja da tirela uku a bayanta, daga garake zuwa kasuwa. Amma a farkon kowace kakar wasa yakan ajiye motar, ya ɗora tukunya a murhun gas a bakin filin wasa. Yara su yi layi, kowa da sabuwar robar kare haƙora a hannu. Ya tsoma ta a tafasasshen ruwa, ya tsamo da cokali, ya kaɗa ta ta sha iska, ya cusa a bakin yaro ya ce ya ciza, sannan ya bi da babban yatsa yana dannawa har ta kwanta a jikin haƙoran. Ba ya duba agogo, launin robar yake kallo. Ɗana Rowan ya bi wannan layi shekara da shekaru. Da Rowan ya rasu, Neville na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, kuma tun daga lokacin shi ke yanke min ciyawar gida, bai taɓa tambayata ko ina so ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka minsharinsa ba labari aka ba ni ba. Direbobi ma sun san shi: in suka hango motarsa a wurin hutawa, sukan ƙara gaba kafin su tsaya. Matarsa Raelene ta ce ita ƙarar ta daɗe da daina damunta. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne shirun da ke biyo baya, in numfashin ya ɗauke ɗif, ta yi ta jira, sai can ya fizgo shi kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Wata rana da tsakar rana, da shanu cike a bayansa, barci ya sace shi yana tuƙi, ya farka ya ji tayoyinsa na gefe suna cin tsakuwa. Ya dawo da motar kan kwalta, ba abin da ya sami kowa. Da ya gaya wa Raelene, ta ce ko ya je ya faɗa wa likita da bakinsa, ko ita ta je. Aka yi masa gwajin barci, aka ga numfashinsa na yankewa ba adadi. Likita ya ce lasisinsa na babbar mota ya tsaya, sai an sake gwaji an ga magani yana aiki. Neville ya haura sittin, kuma tunda ya bar makaranta bai yi wani aiki ba sai tuƙi.

An fara ba shi na'urar da ke hura iska ta takunkumi. Kowace safiya sai a tsinci takunkumin a ƙasa, shi kuma ya rantse bai san lokacin da ya tuge shi ba. Daga nan aka tura shi wurin wata likitar haƙori, Dakta Vasilakis, wadda ke zuwa Mount Isa daga bakin teku sau ɗaya a wata. Da yake an hana shi doguwar tafiya a kan sitiyari, ni na riƙa kai shi. Bai taɓa zama a gefen direba ba tare da ya taka birkin da babu ba.

Abin da ta yi masa roba ce biyu masu tauri, ta sama da ta ƙasa, waɗanda aka zuba daidai da haƙoransa, da ɗan ƙarfe a gefe da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa ya ɗan turo gaba. Na shekara talatin ina koyar da kimiyya, amma ban ga alaƙar haƙora da maƙogwaro ba, sai na tambaya. Ta ce in turo haɓata gaba in gwada yin minshari. Na gwada, ya ƙi fita. Neville ma ya gwada, ya sake gwadawa da ƙarfi, ya ƙi. Ta ce harshe a jikin muƙamuƙi yake, in muƙamuƙin ya matso gaba sai ya jawo harshen daga bakin hanyar iska. Neville ya juya robar a tafin hannunsa ya ce ai shi ya san irin wannan kaya tun kafin a haife ta. Ta yi dariya, mu ma muka yi.

Da farko abin ya yi. Raelene ta leƙo ta katanga ta ce min gidan ya yi tsit har tana jin ƙarar firji. Shi kuwa kullum da safe hannunsa na kan kunci, yana cewa an yi masa aikin gaggawa, roba ta matse shi. Bayan ɗan lokaci ya daina ƙorafi, ya ce yanzu ta zauna daidai. A makon nan kuma na sake jin minsharin ta tagar kicin ɗina, yana barcin rana a baranda, robar na bakinsa. Raelene ta gaya masa, ya ce ita dai ta saba ne, kunnenta ke yi mata.

Ranar da muka koma, saura kwanaki kaɗan a yi gwajin da lasisin ya rataya a kansa. Dakta Vasilakis ta buɗe ɗan akwatin robar, ta ɗaga ta ta kai ta wajen fitila, ta daɗe tana kallo.

"Baba Neville, me ya sami wannan?"

"Gyara na yi mata, 'yar nan. Wanda ya yi muku ita bai iya ba."

"Da me ka gyara?"

"Da ruwan zafi mana. Da me ake gyara roba?"

"Dafa ta ka yi ke nan."

"Ban dafa ba. Tsomawa na yi. Dafawa daban."

Ta haɗa ta sama da ta ƙasa ta nuna mana. Ya tausasa su, ya ciza yadda bakinsa ya saba zama, har gurbin ɗan ƙarfen ya goce baya. Aiki ne mai tsabta, ita ma ta faɗa, ko'ina ya kwanta lif. Sai dai muƙamuƙin ya koma inda yake tun asali, harshen ma haka. Neville ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa a wurin 'yan zari-ruga robar da ke ciwo ba a yi ta daidai ba ne, yaro zai tofar da ita a tsakiyar wasa ya rasa haƙori. Ta ce gaskiyarsa a filin wasa, amma a nan matsin da ya cire shi ne maganin. Sai ya tambaye ta ko za a iya sake tsoma ta a mayar. Ta ce a'a, sabuwa za a zuba, kuma sai wani watan.

Wannan watan shi ne tsakiyar kwasar shanu. Mai motar, wanda Neville ke yi wa tuƙi, ya jira iya jiransa, sannan ya ba wani direba makullin. Neville ya koma wanke tireloli a garejin mai motar, yana sa dogon takalmin roba yana kankare kashin shanu, abokansa na wucewa suna tambayarsa ko yau me za a dafa. Wasu cikinsu sun ba shi shawara ya je gwajin haka nan, ya kwanta ta gefe, ya yi barci sama-sama, na'ura ba za ta kama komai ba. A hanyarmu ta zuwa karɓo sabuwar ya ba ni labarin, ya ce ya yi tunanin abin sosai, ba sau ɗaya ba.

"To me ya hana ka?" na ce.

"Malama, su ba su ji ƙarar tsakuwar nan ba. Kalli gabanki, ga rami."

Sabuwar ta fi ta farko ciwo, domin a kowace ziyara sai likitar ta ƙara turo ta gaba kaɗan. Ya sa ta haka nan. Da safe haƙoransa ba sa haɗuwa sai ya ɗan jima yana motsa baki, don haka ya bar gasasshen burodi ya koma shan kunun alkama, yana ci yana zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Gwajin ya nuna numfashin na yankewa har yanzu, amma kaɗan, ƙasa da iyakar da likita ya sa. Aka ba shi lasisi na shekara ɗaya, in ta cika a sake dubawa.

Motarsa ta dā ba ta dawo hannunsa ba. Wata tsohuwa aka ba shi, mai taurin giya, ya samu lodin ƙarshe kafin ruwan sama ya rufe hanyoyin daji. Da safen da zai tafi ina ba shukokina ruwa, na ji Raelene ta biyo shi har ƙofar gida tana tambaya ko ya ɗauki akwatin robar. Ya buga aljihun rigarsa. Ta ce saura kuma ya bar ta a gaban gilashin mota rana ta ƙarasa abin da ya fara.

"Kin ji ta ko, Malama?" ya ce da ni. "Haka nake fama."

Ya hau motar ubangidansa da ta zo ɗaukarsa, ya zauna a gefen direba, suka nufi gareji.