Ranar da Muka Zuba wa Titi Gishirin Miya

Ƙurus, ƙurus. Ƙarar takalmina ke nan a kan dusar ƙanƙara, kuma da ita nake fara tuna ranar nan da ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ina karatu a Manchester, ina kuma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aikin shi ne ki je da safe ki taimaka wa tsoho ya yi wanka, ya karya, ya sha magani, in ranar asibiti ce ki raka shi har bakin mota. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rufe ofishinmu na Manchester, daga Birmingham ake ba mu umarni ta waya.

Tun shigowar hunturu masu hasashen yanayi suke gargaɗi, muna jin su da kunne ɗaya. Sai rannan aka wayi gari Turai duk ta yi fari fat. Unguwar Longsight kamar an shimfiɗa mata sabuwar shadda. Na tsaya ina tara tafin hannuna ina dariya ni kaɗai, har na kusa manta da Baba Issaka.

Baba Issaka ɗan zangon Kumasi ne, kuma ranar wankin ƙodarsa ce, abin da ba a ɗagawa. Direban motar asibiti ya kira ya ce santsi ya hana shi shiga layin su Baba. Zai jira a babban titi, Stockport Road, amma ba zai daɗe ba, akwai wasu majinyata a motar. Ga Baba a keken guragu, ga layi kamar gilashi. Na kira manajarmu. A gurguje ta ce hukumar gari ta daina bin ƙananan layuka, in nemi gishiri in watsa, shi ke narkar da ƙanƙara. Ta kashe wayar.

Na gaya wa matarsa, Hajiya Memuna.

"Gishiri? 'Yata, titin miya ne?"

"Haka suka ce, Hajiya."

Ta yafa mayafi a kan rigar sanyi, ta bi ƙofa-ƙofa tana bugawa. Mata suka fito da gishirin kicin, wata a kwalba, wata a kofi. Wata Bakanuwa ta zo da kanwa, ta ce ai 'yar'uwarsa ce. Suka shige gaba suna barbaɗawa, ina turo keken a baya.

"Memuna!" in ji Baba daga cikin bargo. "Likita ya hana ni gishiri, shi ne kika shimfiɗa mini shi har titi?"

"Alhaji, riƙe kekenka. Kai kake cewa hannuna ya yi nauyi a miya, to yau nauyin hannun nan zai kai ka asibiti."

Dariya ta kusa kayar da ni. Muka ɓullo kan titi direba na shirin tafiya, Hajiya ta ɗaga kwalba tana ihu, ya taka birki.

Da aka shigar da Baba, muka zube a kan wani babban akwati ruwan ɗorawa da ke kusurwar layin, muna haki muna ƙyaƙyatawa. A ranar na gane a aikinmu ofis yana nesa, maƙwabta ne a kusa. Da daddare babu gidan da miyarsa ta ji gishiri a layin.

Sai bayan na gama digiri na koma Birmingham da aiki, na ga wani mutum ya buɗe irin akwatin nan a unguwar Selly Oak yana ɗiba da shebur. Ashe gishirin titi ake ajiyewa a ciki, don kowa ya ɗiba. A kansa muka zauna.