Bayin da Sabo ya gina wa Kaltume

Sabo ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka in na faɗi gaskiya a kansa ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Tun yana yaro ba shi da surutu, ba shi da wayo, sai aiki. Ubansa ya bar masa gona a bayan gari da 'yar fadama wajen Watari, shi kuma da guminsa ya ƙara shanun huɗa biyu. Da damina ya huɗe tasa, ya huɗe ta mutane a biya shi, da rani su ja masa amalanke ya kai taki gona. Ko ɗansa Jamil bai samu shafar da bijiman nan suka samu ba.

Matarsa Kaltume mai ƙuli-ƙuli ce. Ta fi shi baki, ta fi shi tsoron Allah. Bara waccan hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin hagu ya shanye. Bakin dai bai mutu ba, amma tsuguno ya gagara. Tsohuwar shaddar gidan ta fi ƙarfinta, aka koma fo. Matar da ko tari ba ta so ta yi a gaban surukarta, matar Jamil, yau surukar ce ke ɗaukar fo ɗinta ta ratsa tsakar gida da shi. Sai Kaltume ta rage cin abinci. Loma biyu ta ture kwano, ruwa ma sai an yi faɗa. Duk mun gane dalili, ba wanda ya furta.

Jamil, da ke tuƙa a-daidaita-sahu a Bacirawa, shi ya zo da maganar masai na zama irin na birni, ya kuma kawo wani Badaru mai aikin. Sabo ya ɗauka kujerar ce kawai za a saya a dasa. Ashe kujerar ita ce mai arha. Badaru ya ce ba a ɗora ta a kan turɓaya. Sai an haƙa sabon rami an rufe, a sayi fayif, a sayi bulo da siminti da yashi, a yi rufi, a sa ƙofa, sannan tayil ƙasa da bango.

"Shi tayil ɗin maganin me yake yi?" in ji Sabo.

"Haba Baba, in ba tayil ai kamar ba a yi ba."

Kuɗin da aka faɗa ran kasuwar nan, kafin wata kasuwar ya tashi. Aka kai sa ɗaya kasuwar Rimin Gado aka sayar. Sa ɗaya kuwa ba ya huɗa, kuma simintin ya ƙare bango bai kai kafaɗa ba, sai ɗan'uwansa ya bi shi.

Na ce, "Sabo, ka sayar da abin nemo abinci don ka ƙawata wurin zubar da shi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya Barira, ba ta ci. In ta samu wuri za ta ci."

Kun san al'adarmu, in maza baƙi suna aiki a cikin gida mata sai ɗaki, a saki labule. Haka aka fara aka gama, bayin mace, ba macen da ta leƙa, balle a tambayi mai shi. Ranar da aka buɗe ina nan. Fari fat, kana ganin fuskarka a bango. Ni da surukar muka tallafo Kaltume muka zaunar da ita don ta gwada. Ta dubi ƙofa, ta dubi inda rana ke shigowa.

"Malam, ina gabas?"

Sabo ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya miƙe daidai inda fuskarta take kallo. Ya bar shi a sama kamar an ɗaure.

"Ku fitar da ni," in ji ta. "Inda nake kallo in gaida Ubangijina, nan za ku zaunar da ni in yi wannan?"

Shi Sabo tun da aka haife shi bai taɓa tunanin abin ba. Shaddar da kakanmu ya haƙa kudu take kallo, ya tarar da ita haka, ya tsufa a kanta haka. Da aka kira Badaru a waya cewa ya yi ta nan fayif ya fi kusa da rami, kuma ai Baba ne ya ce a rage kuɗi. Bai yi ƙarya ba.

Aka ɗauko liman, Malam Usaini. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ya ce in a cikin gini ne malamai sun yi sauƙi, babu laifi. Kaltume daga bayan labule ta ce, "Allah gafarta Malam, naka bayin ina ya kalla?"

Ya ce, "Arewa."

"To, a gaida gida."

Na lallashe ta, na zage ta, na ce ta zauna a kaikaice. Amma mai mataccen ɓari in ba ta jingina ba faɗuwa take. Kuma tsakani da Allah ko ni ba zan zauna ba.

Juya kujerar kuwa sai an fasa daɓen, a tono fayif, a sake sayen tayil, a sake biyan Badaru har da kuɗin motarsa. Babu sauran sa. Sabo, da furfurarsa, ya shiga ƙwadago a gonakin da yake huɗewa da, ya sa rai ga albasar rani. Albasa ta zo, kasuwarta ta faɗi. Ya jira amfanin damina. Duk wannan jiran Kaltume tana kan loma biyunta, tana ƙarewa a kan tabarma.

Bayan kaka aka juya kujerar ta kalli kudu. Irin farin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa, aka cike da wani mai launin ruwan ƙasa, ya fito kamar facin wando. Lokacin Kaltume ko an zaunar da ita ba ta zaunuwa, wuyanta ma ba ya ɗaukar kanta. Sabo ya shiga ya gaya mata an gyara. Ta ce, "Sannu Malam, Allah ya saka." Ba ta shiga ba ko sau ɗaya.

Yanzu 'yan dubiya ne ke amfani da shi. Wasu na san ba dubiyar ce ta kawo su ba. Su shiga, su daɗe, su fito suna cewa ma sha Allah, Sabo an waye. Garinmu ba famfo, abin kuma ba ya tafiya sai da bokiti guda. In sun fita sai ka ga Sabo ya ɗauki guga ya nufi rijiya.