Wata bakwai da na yi a koriyar riga

Shekarun baya, da na gama makarantar koyon aikin jinya, na dawo gidanmu a Ƙofar Kibo ina jin kamar duk asibitocin Zariya ni kaɗai suke jira. Na ci jarrabawa, lasisina ya fito, mahaifiyata ta karɓe shi ta adana a akwatinta tare da takardun gida. Wata huɗu ina yawon kai takardar neman aiki. Ko wanda zai kira ni ya ce ban samu ba, ban samu ba.

Ƙawata da muka gama tare ba ta tsaya jira ba. Ta koma karatun ungozoma don ta haɗa rajista biyu, ta nas da ta ungozoma. Ta zo har gida ta ce min, "Ke, duk inda kika je yanzu mai biyu ake fara ɗauka. Tashi mu tafi tare." Ni kuwa na gaji da littafi. Na ce mata shekara uku sun ishe ni, aiki nake so.

Ana haka na ji labarin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a wajen Ƙofar Doka. Likitan da ke da wurin ya duba takarduna, ya ce, "Gurbin nas a cike yake. Mai taimaka wa nas muke nema. In za ki iya, ki fara Litinin."

Da na faɗa wa ƙawata ta waya, faɗa ta kama yi. Ta ce in suka saba ganina da bokiti ba za su taɓa miƙo min sirinji ba. Mahaifiyata kuma cewa ta yi, "Ki je. Zaman nan ba abin da yake ƙara miki sai barci da faɗa da ƙannenki." Na bi ta mahaifiyata.

Aka ba ni koriyar riga, don fara ta nas ce. Aikina gyaran gado, ɗauko kati, shara, wanke kwanon amai. Ba ni da izinin yin allura, ba ni da izinin rubutu a katin kowa. Kullum da safe sai in zumbula dogon hijabi har ƙasa kafin in fita, don kada matan layinmu su ga launin rigar. Su kuwa sun riga sun sa min suna Nas, har takardar magani suke kawo min in karanta musu. Ina amsawa da fara'a, sannan in je in ɗauki tsintsiya.

Nas ɗin wurin wata dattijuwa ce da kowa ke kira Sista, ita mai rajista biyu ce. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, amma kuma ba ta taɓa barina in tsallake iyakata ba.

Wata Alhamis da hantsi wani manomi ya kawo matarsa a kan mashin daga ƙauye. Cikinta wata takwas. Ta ce kanta ke sara, kuma tana ganin wasu abubuwa na walƙiya a idonta. Likita ya tafi ta'aziyya, Sista na ciki tana ɗinke wa wani kafinta hannu. Mai yankan kati ta ce su zauna su jira. Na zo wucewa da zanin gado, sai na ga fuskar matar a kumbure, ƙafafunta sun cika silifas. Na ajiye zanin, na ɗauko abin awon jini, abin da ba a sa ni ba. Na auna sau biyu don ban yarda da na farko ba. Jinin ya hau sosai. Na san irin wannan hawan jinin na masu ciki, na san kuma jijjiga ce ke biyo bayansa in an yi sanya.

Na ce wa mijin, "Malam, matarka ba ta jira ba ce. Babban asibiti za a kai ta yanzu."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malama, ba ke kika share nan ɗazu ba? Mu Likita muke jira."

Na ce, "Ni na share. Kuma ni nas ce, na yi karatun. Ka je ka samo mota, kada ka sake ɗora ta a mashin."

Ban jira amsarsa ba na shiga wurin Sista na faɗa mata abin da na auna. Ta fito tana cire safar hannu. Abin da na gani a 'yan mintocin nan shi ya canja min tunani. Ta taɓa cikin, ta saurari bugun zuciyar abin da ke cikin, ta haɗa allurar hana jijjiga ba tare da ta buɗe littafi ba, tana yi tana lallashin matar. Ni na san sunan maganin, na rubuta shi a jarrabawa. Amma da ni kaɗai ce a wurin, hannuna ba zai iya abin da nata ya yi ba. Ta rubuta takardar turawa, ta sa hannu, ta ce in raka su.

Bayan kwana goma mutumin ya dawo da ƙwan zabi a ƙwarya. An yi wa matar aiki, an samu 'ya mace, duka suna lafiya. A bakin ƙofa yake tambaya, "Ina Malamar nan mai shara?" Har Sista sai da ta yi dariya.

Labari ya kai wa Likita. Ya kira ni ofis ya yaba, sannan ya ce masu duba asibitoci za su zo, in kawo lasisina a yi kwafi a rataye a bango, ranar kuma in sa farar riga. Na tambaye shi ko an mayar da ni nas ke nan. Ya ce a'a, aikina na nan yadda yake tukuna.

Na ce, "Likita, ka yi haƙuri. In lasisina zai yi aikin nas a nan, ni ma sai in yi."

Ya ce in je in yi tunani. Sista ta ja ni gefe ta ce, "Kin yi daidai. Duk abin da ya lalace a wurin nan, mai lasisin da ke bango za a nema. Ki koma makaranta, 'yata. Kina da ido, hannu ya rage miki."

Ƙarshen watan na ajiye aiki. Da na shiga makarantar ungozoma na tarar ƙawata ta zama siniyata, tana gaba da ni a aji, kuma ba ta bar ni na huta da tsiya ba har ta gama.

Yanzu sababbin nas kan tambaye ni ko su karɓi aikin da bai kai takardarsu ba, ko su wuce su haɗa rajista biyu. Ba na ce wa kowa kada ta karɓa. Ni ban yi nadama ba, a can na koyi yadda ake juya mara lafiya ba tare da an ji masa ciwo ba, abin da aji bai koya min ba. Abin da nake cewa, ta sa wa kanta wa'adi tun ranar farko, kuma kada ta ara wa kowa lasisinta. Rajista biyu ma ba dole ba ce, akwai waɗanda suka bi wasu fannonin suna jin daɗinsu. Ni dai na ga abin da na rasa da idona, shi ya sa na koma.

Har yau in na shiga ɗakin masu ciki na ga mai taimako ta tsaya da zanin gado a hannu tana kallon wata mata, nakan je in tambaye ta me ta gani. Sau da yawa ta riga ni gani.